Fita kallon namun daji da ɗarin nan: Kure, bakin kogi ko mize (gidan tarihi)?

Jama'a tunda hutun Disamba ya kawo kai kuma rana ta yi sauƙi, masu tambaya ina za su kai yara su ga namun daji daga nan Yamai, ga yadda na auna su.

Ni dai Kure nake sawa gaba. Kilomita kamar 60 ne kan hanyar Dosso, nan ne raƙuman dawan Afirka ta Yamma suka rage, a 1996 saura 49 kacal, yanzu sun haura 600, har a 2018 aka kwashi 8 aka kai gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Amma ku sani da rani ba sa zama kan tudun Kure kamar da damina, gangarawa suke yi kwarin Dallol Bosso wajen gawo, tunda gawo da rani yake ganye, to dole ku ɗauki gid (ɗan jagora) kuma motar ta zama kat-kat (mai ja da ƙafa huɗu) saboda rairayi, esans (fetur) ma a ƙara. Ku yi sammako kafin hazo ya rufe. Wallahi ranar da na tsaya na ga wata raƙumar dawa ta miƙa harshe tana zaro ganye tsakanin ƙaya, ɗanta na bayanta, ga manomi can yana kwasar kara bai ko ɗaga kai ba, sai da jikina ya yi sanyi. Sai dai tun harin da 'yan bindiga suka kai Kure a Agusta 2020 ba a tafiya kai tsaye, a fara tambayar hukuma halin hanya.

Kogin Neja ya fi sauƙin kuɗi. Yanzu ruwan da ke zuwa daga Gini ya cika shi, kwalekwale na tafiya lafiya, ga tsuntsayen da suka gudo daga sanyin Turai. Dorina kam sai an yi sa'a, kuma in kun ganta kar ku ce ma mai jirgi ya matsa, tana kifar da jirgi. Ku gama ciniki tun a bakin gaɓa, in babu rigar hana nitsewa ta yara ku haƙura.

Mai ƙananan yara ko aljihu ba nauyi, mize Boubou Hama ya isa, akwai zaki da kura da dorina, ga ƙasusuwan dinozor, taksi ɗaya ne. Ni dai ganinsu cikin keji yana sosa min rai.

Gandun W mai giwaye da ɓauna kuwa, don Allah ku bar shi tukuna sai tsaro ya dawo.