Yawon jirgin ruwa a Musandam: wanne ya cancanci kuɗinka?

Ƴan kasuwarmu na Yamai masu zuwa sari Dubai sukan samu kwana ɗaya ko biyu suna jiran a ɗaure kaya. A nan ne dillalan Deira, unguwar kasuwanni a Dubai, ke miƙo musu hoton duwatsu da shuɗin ruwa, su ce Musandam. Yankin na ƙasar Oman ne, a bakin mashigin Hormuz: duwatsu tsirara irin na Ayar, sai dai teku ya kutsa tsakaninsu. Tafiye-tafiye daban-daban ake sayarwa da sunan nan ɗaya.

Wanda ya fi shi ne wuni guda a jirgin katako na Larabawa daga garin Khasab. Daga Dubai kusan kilomita 200 ne ta Ras al-Khaima, a tsallaka iyaka a Al Dara. Jirgi kan tashi wajen ƙarfe 10 na safe, ya dawo wajen la'asar. Yana shiga Khor Sham, wani lungun teku mai tsawon kusan kilomita 16, inda duwatsu suka tare iska ruwan ya kwanta. Ga wanda iyakar saninsa kwale-kwalen Kogin Isa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don jiri da amai su ke ɓata irin wannan fita. Ana yada zango a Tsibirin Telegraph, inda Ingila ta kafa tashar wayar tangaraho a 1864 kan layin da ke zuwa Indiya. Kangon na nan har yau. Daga can a wuce tsibirin Seebi, masu iyo su sauka. Dolfin, dabbar teku mai kama da babban kifi, kan bi gefen jirgi, amma duk wanda ya yi maka rantsuwa za ka gan su, ciniki yake nema. Zama a darduma ne da matasai ƙarƙashin rumfa, da abincin rana da shayi. Azahar a ciki za ta same ka, sai ka tambayi matuƙi alƙibla bayan an jefa anga.

Rabin wuni ba ya biyan wahalar hanya. Ƙaramin jirgi mai gudu jijjiga ne da rana, sai ga mai son isa ƙauyen Kumzar. Yawon da ke tashi daga Dibba, wani gari a bakin iyakar Oman da Daular Larabawa, ya fi sauƙi, amma gaɓar gabas ce, a buɗe take ga igiyar ruwa, kuma ba ta kai ka Khor Sham. Jirgin cin abincin dare na Dubai Marina kuwa ba ya cikin lissafi, don a cikin Dubai yake yawo.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Na farko biza. Zuwa Khasab fita ce daga Daular Larabawa, da hatimi a fasfo. In bizarka ta shiga sau ɗaya ce, ka fita ke nan, kayanka da tikitinka suna Dubai kai kana Oman. Ɗan kamasho ba zai faɗa maka ba. Ka duba takardar bizar da idonka, ka kuma tabbatar da sharaɗin shiga Oman ga fasfon Nijar kafin ka ba da ko dala.

Na biyu, a nuna maka hoton Khasab a kai ka Dibba. Ka sa a rubuta sunan tashar da jirgin zai tashi a takardar biya. Na uku kuɗi: riyal ɗaya na Oman ya haura dirhami 9, don haka in an ce maka "ashirin", tambayi ashirin ɗin me. Ka tambaya ko mota, abinci da kuɗin iyaka suna ciki. Masu shirya na Dibba kan nemi hoton fasfo kwanaki kafin tafiya don izinin wuce shingen bincike. Hoton za ka tura, fasfon kansa ya zauna a aljihunka.

Kafin jirgi ya saki igiya, ƙirga rigunan ceto, har da na yara. Ka kuma je tsakanin Oktoba da Afrilu. A tsakiyar bazararsu zafi kan wuce digiri 40, ga gumi mai danƙo wanda ba irin namu ba.