Gargaɗi ga mutanen Zariya kan masu tallar gidajen bakin teku a cikin gandun daji

Assalamu alaikum jama'ar Zazzau. Akwai wata talla da ke yawo a garin nan da ya kamata kowa ya yi hattara da ita, musamman iyayenmu da suka yi ritaya suka karɓi giratuti, da 'yan kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada masu ɗan abin ajiya. Ta fara ne a zaurukan WhatsApp na ma'aikata a Samaru da Kongo, yanzu har an kai ga kama ɗakin taro a otal, a raba shinkafa da lemo, a kashe fitila a haska bidiyo.

Abin da ake nunawa kuwa mai ɗaukar ido ne. Gidaje masu hawa biyu da uku suna kallon teku a wajen Lekki ta jihar Legas, ga wurin ninƙaya, ga inda ake ɗaure ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa, ga otal da gidan cin abinci, wutar sola ba ɗaukewa, masu gadi dare da rana. Abin da suka fi nanatawa shi ne wai unguwar tana cikin gandun daji da aka keɓe, babu hayaniya, babu cunkoso, sai itatuwa da tsuntsaye. Hanya biyu suke buɗe wa mutum. Ko ka sayi fuloti ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, ko ka sayi kaso a ɗakin otal ɗin a riƙa turo maka kuɗin haya duk wata. Farashin fulotin ko a bayan Hanwa ba zai saya maka fili mai kyau ba.

Ban kama sunan kamfanin ba, don sunan ba ya daɗewa. Da zarar ƙorafi ya yi yawa sai a canza shi, a canza tambari, bidiyon yana nan yadda yake.

A cikin tallar tasu ƙaryar take, ba sai an je nesa ba. Gandun daji wuri ne da aka hana gini da sare itace da farauta a cikinsa. Dalilin keɓe shi ke nan. Duk wanda ya ce zai yanka maka fuloti a ciki ya riga ya gaya maka da bakinsa cewa abin da ba a sayarwa yake sayar maka. A bidiyon da na gani har da wata doguwar gada da ke lilo a saman itatuwa. Wannan gada ta Lekki Conservation Centre ce, tsawonta mita 401. Gidauniyar kare muhalli ta NCF ce ta kafa wurin a 1990 a kan fili mai faɗin hekta 78, kuma an kafa shi ne domin gine-gine sun fara cinye fadamun Lekki, ana so a bar wa birai da kadoji da tsuntsaye inda za su fake. Mutane na biyan kuɗin shiga su zaga su fito. Masu wurin ba su da wata alaƙa da waɗannan dillalai, hotonsu kawai aka ɗauko aka manna. Da wani zai zo ya ce zai sayar maka da fuloti a tsakiyar Depot na sojoji, dariya za ka yi masa, domin ka san wurin. Legas ce ba mu sani ba, kuma rashin sanin nan shi ne jarinsu. Shi ya sa suka tsallake masu kuɗin Ikoyi da Ikeja suka taho har Zariya neman masu saye.

In ka matsa musu da tambayar yadda za a yanka fuloti a cikin gandu sai magana ta sauya. Ɗazu a cikin gandu ne, yanzu ya koma kusa da gandu, an jima kuma ya zama tafiyar minti kaɗan daga gandu. Gaskiya ne akwai unguwanni na halal masu takardu a yankin Lekki, wasu ma suna kallon ruwa. Amma masu irin waɗannan ba sa kwan-gaba kwan-baya a kan inda filinsu yake, kuma kuɗin da suke kira ba na adashe ba ne.

Kawuna na cikin waɗanda aka kusa yi wa sakiyar da ba ruwa. Tsohon ma'aikaci ne, ya yi shekaru yana jiran haƙƙinsa, da ya fito sai wani abokin aikinsa na da ya kawo masa takardun. Ya kira ni in duba masa, muka buga wa dillalin waya a gabansa. Yaron akwai ladabi, ba a magana. Baba kaza, ranka ya daɗe kaza. Na ce ya turo lambar takardar mallakar filin. Ya ce, "Yallaɓai, ana kan fitar da ita, saura sa hannu." Na ce to ya turo taswirar safiyo mai ɗauke da lambobin iyaka, mu ba lauya a Legas ya bincika. Sai ya bar ni ya koma kan tsohon: "Baba, wallahi fuloti kaɗan suka rage, ranar Litinin farashi zai tashi, ko kafin alƙalami ne a sa yau." Asusun da ya turo kuwa sunan mutum ne a kai, ba sunan kamfanin ba. Kawu ya ce masa, "Ɗan nan, ba a cinikin biri a sama," ya kashe wayar.

Maganar takarda ita ce inda aka fi rikita mutane, don suna zuwa da fayil cike, kowace da hatimi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa duk filayen jiha a hannun gwamnan jihar. Shi ke bayar da takardar shaidar mallaka, wadda kowa ya sani da C of O, kuma ko mai ita zai sayar wa wani sai an nemi amincewar gwamna. A Legas akwai wani ƙarin abu da ba mu saba da shi ba a nan. Gwamnati ta daɗe da karɓe manyan filaye a yankin Lekki da Ibeju zuwa Epe. Daga baya takan yanke wani yanki ta mayar wa ƙauyen da ke wurin, a buga a gazet ɗin gwamnati, sannan mutanen ƙauyen su sami ikon sayarwa. Filin da ba a mayar ba na gwamnati ne, ko wa ya karɓi kuɗinka. Akwai kuma wanda ta riga ta ware wa wani aiki, irin hanya ko gandu, wannan ko a mafarki ba za a ba ka takarda a kansa ba. Saboda haka in ka ji an ce ana kan fitar da takarda, ma'anarsa yau ɗin nan babu ita. Ga kuma masu iƙirarin gadon filayen da Yarabawa ke kira omo onile, waɗanda suka yi ƙaurin suna wajen sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, sannan su dawo karɓar kuɗin fandisho da na rufi.

Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da suke ɗagawa sama a wurin taro ba ta ce komai a kan fili ba. Shaida ce kawai ta cewa an yi wa suna rajista, abin da kowa zai iya yi da kuɗi kaɗan. Haka ta SCUML, wadda wani sashe na EFCC ke bayarwa. Wasu na ganin tambarin EFCC sai hankalinsu ya kwanta, alhali rajista ce ta sa ido kan safarar kuɗin haram, ba tabbacin cewa hajar mutum ta gaskiya ce ba. Ita ma taswirar safiyo zane ce, tana nuna inda fili yake, ba ta nuna mai shi. Amfaninta shi ne a ɗauki lambobin iyakar a kai ofishin babban safiyon jihar Legas a duba ko filin ya faɗa cikin na gwamnati, sannan a binciki rajistar mallaka a ofishin filaye da ke Alausa a Ikeja. Legas tana kuma da hukumar LASRERA da ke yi wa dillalan gidaje da filaye rajista. KADGIS, hukumar filayenmu ta Kaduna, ba ta da hurumi a wannan, kada wani ya ce maka an tantance a can. Kuma lauyan da zai yi binciken ya zama kai ka ɗauke shi kai ka biya shi. Lauyan da mai sayarwa ya kawo na mai sayarwa ne.

Ko zuwa ganin fili ma bai isa ba. Sukan ɗauki mutum a mota a kai shi wani bakin ruwa mai farin yashi da itatuwan kwakwa, a miƙa hannu a ce daga nan zuwa can namu ne. Baƙon da ya kwana a hanya daga Kwangila ina zai gane wurin da aka tsayar da shi?

Mu ɗauka ma filin na gaskiya ne. Bakin ruwa na da nasa dokokin. Dokar 1997 ta ba hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, iko a kan mita 100 daga gefen hanyoyin ruwan da ke ƙarƙashinta, jihar Legas ma tana da tazarar da ta hana gini a gaɓar teku. Babban aiki irin wannan kuma sai an yi masa binciken illa ga muhalli kamar yadda dokar 1992 ta tanada. A 2024 da aka fara babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700, an yi rusau a bakin ruwan, har wani ɓangare na wurin shaƙatawa na Landmark ya tafi, wurin da aka zuba maƙudan kuɗi kuma duniya ta san da shi. In irin wannan bai tsira ba, mai rasit ɗin kamfanin da ba shi da takarda wa zai saurare shi a maganar diyya? Ita kanta tekun tana cin ƙasa. Mutanen Okun Alfa, inda ake kira Alpha Beach, sun ga yadda ruwa ya riƙa lashe hanya da gidaje, kuma a watan Agustan 2012 igiyar ruwa ta afka wa Kuramo ta yi sanadin rayuka. Gini a fadamar Lekki sai an cika yashi, an kafa turaku masu zurfi a ƙasa kafin a aza bulo ɗaya. Wani lokaci kuɗin da ke shiga ƙarƙashin ƙasa ya isa a gina gida sukutum a Zariya. Duk wannan babu wanda ke ambatarsa a ɗakin taro.

Ɓangaren kason otal ya fi muni, don shi ne ke sa mutane su jawo 'yan uwansu. Otal ɗin da ko harsashinsa ba a haƙa ba, wa ya kwana a ciki har ya biya kuɗin da ake turo maka a matsayin haya? Kuɗin sabon shiga ne ake yankowa a ba tsohon shiga. Wata biyu ko uku alat na shigowa, mutum ya nuna wa matarsa da abokansa, ya ƙara zuba wasu, ya kawo mutum biyar a ba shi la'ada. Ranar da sababbi suka ragu sai a ce banki ya riƙe kuɗi, daga nan waya ta daina shiga. Mun ga haka da tsarin zuba kuɗi na bogi na MMM a Disambar 2016, mun sake gani da irinsa na CBEX a Afrilun 2025. Duk mai tara kuɗin jama'a da sunan zuba jari dole ne ya yi rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan harkar zuba jari, kuma ana iya duba sunansa a shafinta na intanet. Sabuwar dokar zuba jari ta 2025 ta haramta irin wannan tsari ƙarara, ta sa tarar da ba ta gaza Naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda suke fakewa da addini. A buɗe taro da addu'a, a rubuta halal a jikin takarda, a ce haya ce ba kuɗin ruwa ba. Hayar ɗakin da babu shi? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa. Ku kai takardun gaban malamin da ya san fiƙihun ciniki kuma ba shi da kaso a ciki, ku ji abin da zai ce.

Wanda ya riga ya biya, ya tsaya haka, kada ya ƙara ko kwabo, ko da an yi masa barazanar cewa zai rasa na baya in bai cika ba. Ya adana rasit, da shaidar tura kuɗi, da lambar asusun, da hotunan hirarsu ta WhatsApp tun kafin a goge ko a cire shi daga zauren. Ya rubuta wa bankinsa ƙorafi nan take, don wani lokaci akan iya riƙe asusun tun kuɗin ba su fita ba. Sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna, ya sanar da SEC in kason otal ya saya. Waɗanda abin ya shafa su haɗu su shigar tare, ƙarar mutum goma ta fi ta mutum ɗaya saurin motsi. Kunya ce ke sa dattawa da yawa su yi shiru, 'ya'ya su lallaɓa su tambayi iyayensu. Bayan an yi asara kuma wasu za su kira su ce jami'ai ne ko lauyoyi, za su dawo da kuɗin in an biya kuɗin aiki. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo da wata lambar, EFCC ba ta karɓar kuɗi kafin ta karɓi ƙara.

Masu kawo mutane don la'ada su ma su dakata daga yau. Ranar da abin ya fashe, masu kamfanin ba za a gan su ba, kai da ke zaune a unguwa kai za a zo wa ƙofar gida, kuma sunanka na cikin waɗanda kuɗin ya bi ta asusunsu.