Alƙalamin fassara ko littafi mai gidaje: wanne zai koya maka haruffan Sinanci?

Ɗan'uwa, tsakanin alƙalamin lantarki da ake gogawa a kan rubutu ya karanto ya fassara, da littafin nan mai gidaje murabba'i da yaran ƙasar Sin ke koyon rubutu a cikinsa, shawarata ita ce ka ɗauki littafin, ka haɗa da fensir da magogi. Dukansu ina da su, amma littafin ne kaɗai ya tsufa a hannuna.

Sinawa suna kiransa tianzige, domin kowane gida an raba shi huɗu kamar siffar harafin 田. Layukan nan suna nuna maka mazaunin kowane sashe, tunda harafin Sinanci ba a jere yake tafiya ba kamar boko ko ajami, ana ɗora wani sashe ne a kan wani, ko a gefensa, ko a cikinsa. Malamar da ta fara koyar da mu ba ta cika duba kyawun rubutu ba, hannun ɗalibi take kallo, ta ga ko ya fara daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, ko ya ja layin kwance kafin na tsaye. Ranar da muka zo kan 国, ta zana katanga uku, ta rubuta abin da ke ciki, sannan ta ja layin ƙasa, tana cewa sai mutum ya shiga ɗaki ake rufe ƙofa. Har yau da wannan ƙa'ida nake rubuta duk harafin da ke da kewaye.

A cikin wannan maimaici ne ido ke buɗewa. Za ka lura ɗigo ukun nan na 氵 suna gefen 河 da 海 da 洗, wato kogi da teku da wanki, duk al'amuran ruwa. Za ka ga 妈, uwa, an gina shi daga 女 mai nuna mace da 马 mai ba da sauti, kuma mafi yawan haruffan a kan wannan tsari aka gina su. Ƙamus ɗin Kangxi na shekarar 1716 ya jera haruffa ƙarƙashin irin waɗannan saiwoyi guda 214. Jadawalin da gwamnatin Sin ta fitar a 2013 yana da haruffa 8,105, amma matakin farko, na amfanin yau da kullum, 3,500 ne, kuma wanda ya san saiwoyin ba zai haddace su ɗaya bayan ɗaya ba kamar baƙin juna. Ga mai zuwa sarin kaya Guangzhou ko Yiwu kuwa, abin ya wuce sha'awa, domin bambancin 买, saye, da 卖, sayarwa, ɗan 十 ne kawai a sama, kuma wanda ya rubuta su da hannunsa da wuya ya rikita su a takardar ciniki.

Alƙalamin yana da ranarsa idan kana gaggawar karanta jikin kwali, sai dai kyamarar wayarka tana yin wannan aikin, kuma alƙalamin nawa yakan rikice da rubutun hannu.

Ka yi hattara da masu sayarwa, ko da ba ka tambaye ni wannan ba. Babban yankin Sin ya fara sauƙaƙa haruffa a hukumance tun 1956, Singafo ma da su take aiki, amma Taiwan da Hong Kong da Macau suna kan na gargajiya. Wasu 'yan kasuwa sukan miƙa maka littafin gargajiya, har ma da na koyon Japananci, su rantse duk ɗaya ne. Kafin ka biya, ka buɗe ka duba: idan ka ga 书 da 门, sauƙaƙaƙƙe ne, idan kuma 書 da 門 ka gani, na gargajiya ne. Ka guji kwafin da lambobin da ke nuna layin da za a fara ja da na biye suka dusashe. Mai alƙalami kuma idan ya ce yana aiki ba intanet, ka sa shi ya kashe haɗin ya gwada a gabanka.

Idan ka samu littafin, ka riƙa ɗaukar haruffa kaɗan a rana, kana furta kowanne da karin sautinsa yayin rubutawa, washegari kuma ka rufe samfurin ka rubuto su da ka kafin ka ƙara sababbi.