Baba ya gano cutar DT ɗina, yaran garejinsa sun ɓata min rai

Masu babur Yamaha DT125R a Zariya ba mu da yawa, kuma duk wanda nasa ya fara irin abin da nawa ya yi, zai sha yawon gareji kafin ya dace. Nawa ɗan Kwatano ne, hannu na biyu, da shi nake shiga gona ta bayan Shika idan damina ta cinye hanya. A giya ɗaya da biyu lafiya lau yake ja, amma da na hau titin Funtuwa na murɗa totur sai ya tsaya wuri guda yana gurnani. Fizgar nan da ake sayen babur ɗin dominta ta ɓace ɓat. Har 'yan acaɓa masu Boxer suka riƙa wuce ni suna waige.

A Samaru an wanke kafireto an canja fulogi. A Kwangila wani ya ce ringi ne, a sauke inji. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai cewa bawul ya ƙone, a kawo ya goge shi yadda yake yi wa Boxer, alhali injin da ke shan man 2T ba shi da irin wannan bawul ɗin sam. Ramuka ne a jikin silinda, fistin ke buɗe su yana rufewa. Ban ko sauka daga kan babur ba na juya.

Wani abokin aikina ne ya tura ni Sabon Gari wajen wani dattijo da ya yi zamanin Suzuki da Yamaha masu hayaƙi. Kowa Baba yake ce masa. Na fara zuba masa bayani, ya ɗaga min hannu.

"Malam, kashe shi. Yanzu murɗa makulli kawai, kar ka tayar."

Na murɗa. Ya durƙusa ya kara kunne a gefen inji. Wata 'yar ƙara ta yi ƙirr ta tsaya. Ya ce in sake, na sake, haka dai. Sai ya miƙe yana karkaɗe gwiwa ya ce, "Ringinka bai yi maka laifin komai ba."

Wallahi a tsaye a wurin ya yi min karatun da ban samu ba tun da na sayi babur ɗin. Wannan rubutun YPVS da ke jikinsa, in ji shi, ba ado ba ne. A bakin ramin da hayaƙi ke fita zuwa salansa akwai wani bawul mai juyawa da ke kwance a gicciye. Idan inji na tafiya a hankali sai ya sauko ya rage tsayin ramin, babur ya samu ƙarfin tashi. Idan juyin inji ya yi sama sai ya kauce, ramin ya buɗe duka, a nan fizgar take zuwa. Wani ƙaramin moto na lantarki ke juya shi da kebur biyu, kuma duk lokacin da aka murɗa makulli sai ya kai shi ƙarshe ya dawo da shi. Wannan kai-da-komo Baba ke saurare, bai ji ya cika ba.

Ya cire murfin gefen silinda, sai ga kebur ɗaya ya tsintsinke, saura 'yan silla. Ya sa aka sauke salansa, ya karɓi wayata ya haska cikin ramin ya ce in leƙa. Baƙin gawayi ya daskare a jikin bawul ɗin kamar ƙanzo a gindin tukunya. Bawul ɗin ɓari biyu ne da kusa ke haɗe su a tsakiya, to kusar ta saki, ɓari ɗaya ya karkace, leɓensa har ya ɗan gutsure. Baba ya ce irin wannan in aka ci gaba da hawa, watarana gutsuren zai faɗa ciki ya ƙarce silinda, daga nan kuma maganar kuɗi ta canja. Don ya tabbatar, ya cire kan inji da silindar gaba ɗaya. Alhamdulillahi, fistin da ringi ba abin da ya same su.

Laifin ya ɗora wa mai. Ya ce mutane na ɗura baƙin mai na inji a tankin 2T, ko su sayi na kwalba a bakin titi, ga kuma tafiyar cikin gari da ba ta barin bawul ya buɗe sosai. Da alama wanda ya riƙe babur ɗin kafin ni bai raga masa ba. Ya jiƙa kayan a kananzir, ya kankare ramin da tsinken katako, ya hana yaro kusantarsa da sukudireba. A Panteka ta Kaduna ba a samu bawul ɗin ba, sai daga Legas aka aiko da na hannu, kun dai san yadda kuɗin kayan Legas yake yanzu. Wajen saiti na ga ya zura ƙarfe mai kaurin milimita 4 ta tsagar faifan da kebur ke ja, ya shige wani rami a jikin silinda, sannan ya daidaita kebur ɗin biyu. A ranar na gama yanke cewa ba ni da wani bakanike a garin nan sai shi.

To amma haɗa kan injin ba shi ya yi ba. Ya tafi ɗaurin aure ya bar wa yara. Na biya kuɗin sabon gasket, a hannunsa na saka. Da na karɓi babur, fizga ta dawo har sai da na riƙe kai da kyau, na yi ta sa masa albarka. Ba a daɗe ba ruwan lagireto ya fara raguwa, salansa na fitar da farin tururi, ina isa Ɗan Magaji inji ya ɗau zafi na dole na faka. Da aka sake buɗewa a gabana, tsohon gasket ɗina ne aka shafe da gam aka mayar. Injin mai ruwa fa! Kusar murfin gefe kuma sun cinye mata kai, sun ɗaura wata da ba tata ba.

Baba ya yi wa yaron faɗa, har da zare ido. Ni kuma ya juyo ya ce, "Sai haƙuri, Malam, ka san yaran yanzu." Na ce, "Baba, haƙuri ya zama dole, amma ina kuɗin gasket ɗin?" Wai an cika a kuɗin kebur. Kebur ɗin da na biya daban. Haka na sake zaro kuɗi, ga na ruwan lagireto, ga yinin da na rasa a gona ana tsaka da zuba taki. Abin da ya fi ci min rai shi ne mutumin da ya gane cuta da kunne kawai ya kasa leƙa aikin da ya fita da sunansa.

Duk mai DT ko wani babur ɗin daji mai irin wannan bawul, ya je, ba zan hana shi ba, don ban ga wanda ya kai shi sanin injin ba daga PZ har Samaru. Amma ya sayi gasket ɗinsa da kansa, ya samu benci ya zauna har a ɗaure kusar ƙarshe, in aka ce Baba ya fita ya tura babur ɗinsa gida. Kusar murfina dai har yau ta Jincheng ce, ya ce in dawo bayan salla.