Kafin Ka Sayi Hannun Jarin Kamfanin Motar Lantarki, Wane Lissafi Za Ka Duba?

Duk bayan wata uku kamfanonin nan kan fitar da rahoto cike da alƙaluma. Ni shafi ɗaya nake fara nema, wanda ke nuna tsabar kuɗin da suka shiga da waɗanda suka fita. Ka ɗauki abin da cinikin ya kawo, ka cire abin da aka kashe wajen gina masana'anta da sayen injuna. In akwai saura, kamfanin na ciyar da kansa. In babu, sai ka duba nawa ne a asusunsa, ka raba da abin da yake cinyewa. Mai dala biliyan 2 a ajiye da ke cinye miliyan 500 duk wata uku, shekara ɗaya ta rage masa. Daga nan ko ya ci bashi, ko ya buga sabbin hannayen jari, kasonka ya tsuke kana zaune.

Wannan na biyun ne ya taɓa cizona. Na sayi wani kamfani don na ga yawan motocin da yake miƙa wa masu saye na hauhawa, ban ko leƙa asusunsa ba. Sau biyu yana buga sabbin hannaye. Wata safiya na buɗe waya, shafin ya yi ja, kuɗina sun koma ƙasa da rabi alhali adadin hannayena bai canza ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ribar da ake rubutawa a takarda kuwa sai an tona ta. A 2020 Tesla ta bayyana ribar dala miliyan 721, shekararta ta farko da riba cikakkiya. Amma a shekarar ta samu kusan dala biliyan 1.6 daga sayar wa wasu kamfanoni takardun cika ƙa'idar hayaƙi. Kuɗi ne na gaske, sai dai doka ce ta haife su, kuma doka na canzawa. Ni cire su nake yi, in ga abin da motar kanta ta kawo.

Yawan motocin da aka miƙa shi ne abin da kafafen labarai suka fi so. Tesla ta miƙa kimanin miliyan 1.81 a 2023, da miliyan 1.79 a 2024. BYD ta Sin ta wuce miliyan 4 a 2024, amma fiye da rabinsu masu haɗa batir da injin fetur ne. Ko ma dai nawa ne, karya farashi na ƙara ciniki ya rage riba. Ribar kowace mota ta fi yawan motocin amfani: a farkon 2024 Rivian na asarar kusan dala 39,000 kan kowace motar da ta miƙa. Lissafin nan da ake raba farashin hannun jari da riba kuma, me za ka raba a kamfanin da bai taɓa cin riba ba?

Abin da na fi tsoro shi ne alƙaluman da ba kuɗi a bayansu. Nikola ta saki bidiyon babbar motarta tana tafiya kan titi, ashe daga kan tudu aka gangaro da ita. Kamfanin bincike na Hindenburg ne ya fasa ƙwan a Satumbar 2020, kuma a 2022 kotu ta samu Trevor Milton, wanda ya kafa Nikola, da laifin zamba. Lordstown ta yi ta kurarin odar motoci 100,000, aka gano ba alkawari ne mai ɗaure mai saye ba, ta durƙushe a Yunin 2023. Duk lokacin da ka ji "oda", tambayi nawa aka biya kafin alƙalami, kuma ana mayarwa ko a'a.

Sai kuma 'yan damfarar da ba su da mota ko ɗaya. Za ka ga bidiyon bogi na Elon Musk, shugaban Tesla, yana alkawarin ninka maka kuɗi, ko wani a zauren Telegram ya turo hoton "rahoto" da manhajar da za ka zuba kuɗi, ranar cirewa a ce sai ka biya haraji tukuna. Kamfanin Amurka da ke kasuwar hannun jari dole ya miƙa rahotonsa ga SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, na wata uku sunansa 10-Q, na shekara 10-K, kuma kyauta ake karanta su a shafin hukumar. Shafin kuɗin shiga da fita na can bayan na riba da na kadarori.