WhatsApp Business: Ta Iya Riƙe Kwastoma, Amma Ba Ta Nemo Shi

A watan Janairun 2018 WhatsApp ya fito da manhaja ta daban domin masu ƙananan sana'o'i, ya sa mata suna WhatsApp Business. Da wayoyin Android aka fara, masu iPhone sai a 2019 ta iso gare su. A tsakiyar 2023 kamfanin Meta, mai WhatsApp da Facebook da Instagram, ya ce masu amfani da ita a wata sun haura miliyan 200. Kyauta ake sauke ta, kuma duk mai ciniki ta waya ya dace ya koma kanta. Amma a san matsayinta tun da wuri: mai tsaron kanti ce, ba sanƙira ba. Tana tarbar wanda ya zo, ta kula da shi har ya biya, amma ba ta fita ta kirawo wanda bai san da kai ba. Yawancin masu kukan ba ta tsinana musu komai ba, aikin da ba nata ba suka ɗora mata.

Wajen buɗewa babu wahala, sai dai lamba ɗaya ba ta zama a WhatsApp na kowa da kowa da na kasuwanci a lokaci guda. In ka sa tsohuwar lambarka, hirarrakinka za su biyo ka zuwa sabuwar manhajar, saboda haka ka fara yin ajiyarsu a Google Drive ko iCloud kafin ka taɓa komai. Ya fi kyau a ware wa kasuwanci layinsa daban, don manhajojin biyu suna zama lafiya a waya ɗaya muddin kowacce da lambarta. Daga nan sai cike bayanan sana'a: suna, nau'in sana'a, adireshi, taƙaitaccen bayani, da lokutan buɗewa da rufewa. Kada a tsallake lokutan nan, domin wani saƙo da za a yi bayaninsa a gaba a kansu ya dogara.

Abin da ya fi komai daraja a manhajar shi ne katalog, wato kundin kayan sayarwa, wanda aka ƙara a ƙarshen 2019. Yana ɗaukar kaya har 500, kowane ɗaya da hotuna har 10, da suna, da farashi, da bayani, da lambar kaya. Amfaninsa a fili yake ga duk wanda ya taɓa tura hotuna talatin ga mutum ɗaya, ya ƙone data, mutumin ya ce zai yi tunani. Da katalog, adireshin intanet ɗaya za ka tura, ya shiga ya duba da kansa. Inda ake yin kuskure shi ne wajen rubutun. Mai sayar da takalma ya rubuta "Takalmi mai kyau" kawai, babu farashi, babu lambar ƙafa, ya kuma yi mamakin yadda tambayoyi ba su ragu ba. Ga yadda ya kamata ya zama: "Takalmin fata na maza, baƙi, mai igiya, lamba 40 zuwa 45", farashi a gurbinsa, sannan a ba shi lambar kaya kamar TK12. Hoton farko ya nuna takalmin gaba ɗaya a farin wuri da hasken rana, na biyu ya nuna ƙasansa, na uku ɗinkin daga kusa. Ranar da mai saye ya rubuto "ina son TK12 lamba 43", ciniki ya kusa faɗawa a saƙo ɗaya.

Ɓoye farashi don a tilasta wa mutum ya tambaya dabara ce da ke korar masu saye fiye da yadda take jawo su. Mai kunyar tambaya wucewa yake yi.

Katalog ɗin yana da naƙasu biyu da ya kamata a sani. Na farko, bai san adadin kayan da suka rage maka ba. In abu ya ƙare, kai ne za ka shiga ka ɓoye shi da hannunka, in ka manta kuwa za ka yi ta ba mutane haƙuri. Na biyu, kwandon saye da ke ciki ba biyan kuɗi ba ne a mafi yawan ƙasashe. Mai saye yana zaɓar kaya ya tara, ya turo maka jerin a matsayin saƙo, maganar biya kuma ku ƙarasa ta wata hanyar. Sannan kowane kaya sai an tantance shi kafin ya bayyana ga jama'a, kuma ana ƙin irin su makamai, taba da magunguna. Wanda ya ga alamar ja a kan kayansa, an ƙi shi ke nan, yana iya gyarawa ko ya nemi a sake dubawa.

Saƙonnin da ke tafiya da kansu iri biyu ne. Saƙon maraba yana zuwa ga wanda ya yi maka magana karon farko, ko wanda ya dawo bayan kwana 14 ba ku yi hira ba. Saƙon "ba na kusa" kuma kana iya saita shi ya tafi kullum, ko a lokacin da ka zaɓa, ko bayan an tashi daga aiki bisa lokutan da ka rubuta. Dukansu ba sa tafiya sai wayar tana kunne kuma tana da intanet, abin da mutane da yawa ba su sani ba sai sun kashe data da dare sun wayi gari babu wanda aka amsa wa. Saƙon maraba mai amfani gajere ne, kuma yana ba mutum abin yi: "Barka da zuwa. Ga katalog ɗinmu da farashi. Turo lambar kayan da kake so da garin da za a kai. Don Allah a adana lambarmu domin a riƙa ganin sababbin kaya." Layi huɗu sun isa. Doguwar gaisuwa mai furanni da taurari babu mai karanta ta.

Amsoshin gaggawa su ne aka fi yin sakaci da su, alhali su suka fi rage gajiya. Kana iya ajiye har 50. Ka rubuta bayanin asusun banki sau ɗaya, ka sa masa gajeren suna, daga nan duk lokacin da ka danna alamar / ka rubuta "biya", sai ya fito cikakke. Haka za ka yi wa sharuɗɗan kai kaya, da na mayar da kaya, da yadda ake auna ƙafa ko jiki. Bayan saurin, yana hana kuskuren lamba ɗaya a asusu, wanda kan jawo rigimar kwanaki. Laƙabi kuma, waɗanda ake iya yin har 20, launuka ne da ake manna wa hira: sabon kwastoma, sabon oda, ana jiran biya, an biya, an kammala. Mai oda goma a rana da ya saba buɗe "ana jiran biya" kowace yamma ya tuntuɓi waɗanda ke ciki, zai ceto cinikin da da ya nutse a ƙasan hirarraki.

A wajen talla ne gazawarta take fitowa. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa lokaci guda yana ɗaukar lambobi 256, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarka a wayarsa. Wanda bai adana ba, alama ɗaya za ka gani a kan saƙonsa har abada. Sitatus ma haka: yana gogewa bayan awa 24, kuma ba ya bayyana sai ga wanda kai da shi kowa ya adana lambar ɗan'uwansa. Don haka sayen jerin lambobin mutane asarar kuɗi ce tsagwaronta. In ka koma bin su ɗaya bayan ɗaya da saƙon da ba su nema ba, ko kana zuba su a zaure, wato "group", ba da izininsu ba, za su toshe ka su kai ƙararka, kuma yawan haka ne ke sa WhatsApp ya rufe maka layi, ya tafi da katalog da hirarraki. Zaure yana ɗaukar mutum 1024, amma kowa yana ganin lambar kowa, har da abokin gasarka da ya shigo ya zauna shiru yana kwafa. Tasha, wato "Channel", wadda aka kawo a 2023, ta fi dacewa da sanarwa, tunda lambobin mabiya a ɓoye suke kuma kai kaɗai ke magana.

Sababbin mutane galibi daga waje za su zo. Hanya mafi sauƙi ita ce adireshin wa.me, wanda ake rubutawa a bi shi da lambarka cikakkiya, a fara da lambar ƙasa, ba alamar tarawa (+), ba sifilin farko, ba tazara. Saka sifilin nan shi ne dalilin da ya sa adireshin mutane da yawa ba ya buɗewa. A sa shi a shafin Instagram, Facebook da TikTok, a buga lambar QR ɗin manhajar a jikin leda ko rasit. Akwai kuma tallan kuɗi da ke fitowa a Facebook da Instagram, wanda in an danna shi yake kawo mutum kai tsaye cikin hirarka. Duk waɗannan suna da fa'ida ɗaya: mai sayen ne ya fara magana, don haka babu zancen kutse. Ana iya haɗa adireshin da rubutun da zai fito a shirye, kuma wannan dama ce ta gane daga ina mutum ya zo. Na Instagram ya ce "Na gani a Instagram", na rasit ya ce "Na taɓa saye". Dabarar tana da muhimmanci saboda ƙididdigar manhajar ba ta taka kara ta karya ba. Ba za ta gaya maka wane talla ne ya kawo kuɗi ba, sai ka riƙe littafinka.

Ta fuskar tsaro, abu biyu ne. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a sa lambar sirri mai alƙaluma 6 da adireshin imel, kuma lambar da WhatsApp ke turowa ta tes kada a karanta wa kowa, ko da ya ce daga kamfanin yake. Da ita ake ƙwace asusu a koma damfarar kwastomominka da sunanka. Jabun manhajoji irin su GB WhatsApp kuma suna jawo rufe layi, bai dace a ɗora jari a kansu ba.

Manhajar tana barin a haɗa na'urori 4 bayan babbar wayar, kwamfuta ko wata wayar, kuma in babbar ta yi kwana 14 ba a buɗe ta ba sai sauran su fita. Ga mutum ɗaya ko biyu wannan ya wadatar. Da zarar masu amsa saƙo sun kai huɗu ko biyar, za a fara ganin mutum biyu sun amsa wa kwastoma ɗaya da farashi mabambanta, wani kuma an bar shi tun safe kowa yana zaton ɗan'uwansa ya amsa. A nan ne ake komawa WhatsApp Business Platform, na manyan kamfanoni, wanda ake haɗawa da manhajar raba aiki. Shi na kuɗi ne, kuma dokarsa ta fi tsauri: kana da awa 24 daga saƙon kwastoma na ƙarshe ka amsa yadda ka ga dama, bayan nan ba ka iya fara magana sai da rubutun da Meta ya riga ya amince da shi.