Tsohon tangaran na ƙasar Sin: wanne ya kamata ka fara saya?

Abin da ke fara kama idon mai saye shi ne launi. Amma launin nan ba fenti ba ne. Wani shafe ne da ake yi wa kwanon kafin a gasa shi, wuta ta narkar da shi ya koma gilashi, kuma ƙarfen da ke cikin shafen da yanayin wutar su ne ke yanke hukuncin kalar da za ta fito. Idan ka gane wannan, za ka gane dalilin da ya sa kwanuka biyu masu girma ɗaya, guda ya tashi a kuɗin babur, guda kuwa a kuɗin unguwa sukutum.

Masu launi ɗaya na zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, su ne zuciyata ta fi kwantawa da su. Akwai tsanwa na Longquan a lardin Zhejiang, wanda ɗan baƙin ƙarfe ke ba shi kala idan an toshe wa wutar iska. Riƙe shi ka karkata wajen taga, za ka ga shafen ya taru ya yi kauri a cikin zanen da aka sassaƙa, ya yi duhu kamar ruwan tafki. Akwai na Jun daga Henan, shuɗi mai hazo da ɗigon shunayya wanda jan ƙarfe ke haifarwa. Sai baƙaƙen kwanukan shayi na Jian daga Fujian, masu siraran zane da ake kira gashin zomo. An yi su baƙi ne don farin kumfan shayin zamanin ya fito sarai a ciki. Duk da son da nake musu, ban ba sabon shiga shawarar ya fara da su ba. Ana kwaikwayonsu sosai a yau, kuma ba su da zane ko rubutun da zai tona asirin jabu cikin sauƙi. Na Ru kuwa, wani irin tangaran na zamanin Song waɗanda ba su kai ɗari ba a duniya, an sayar da guda a gwanjon Sotheby's na Hong Kong a 2017 kan dala miliyan 37.7. Duk wanda ya yi maka tayinsa a waya, ka yi masa sallama.

Fari mai zanen shuɗi, irin na Jingdezhen a lardin Jiangxi, shi ne ƙofar da na fi amincewa da ita. Zanen kobalt ne, wato wani ƙarfe mai ba da shuɗi, yana ƙarƙashin gilashin, don haka ba ya gogewa. An yi su da yawan gaske don kasuwannin ƙetare, shi ya sa har gobe ake samun na gaskiya a farashin da mutum zai iya. Mafi sauƙin tantancewa su ne na jiragen ruwan da suka nitse. Jirgin Tek Sing ya nitse a 1822, aka gano shi a 1999, aka yi gwanjon kayansa kimanin 350,000 a Stuttgart ta Jamus a 2000. Da yawansu har yanzu suna ɗauke da tambarin gwanjon manne a gindi. Gishirin teku ya dusashe ƙyallin wasu, zanen ma na gaggawa ne, amma ka san shekarunsa, ka san inda ya kwana. Sai dai a bincika lambar da ke kan tambarin, don tambarin ma ana buga na ƙarya.

Masu launuka da yawa na daular Qing, kore na zamanin sarki Kangxi da ruwan hoda na sarakuna Yongzheng da Qianlong, su suka fi ƙawata kabad. Ruwan hodar daga zinariya ake samunsa. Zanensu a saman gilashin yake, yana gogewa da shekaru, kuma yakan ƙunshi dalma. Na kallo ne, kada a zuba miya a ciki. Na ƙarni na 19 sun fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Ni ma launi ya taɓa cuta ta. Na sayi wani ja wur mai kama da jinin sa, mai shi yana ta rantsuwa na kakanni ne. Da na zo gida na kife shi, sai na ga dattin gindin ya kwanta daidai wa daida ko'ina. Na goga auduga mai ɗumi, ta fito da kalar shayi, farin yumɓu sabo fil ya bayyana. Tun ranar nake fara kife kwano kafin in kalli fuskarsa. Gindin tsohon kwano yakan yi santsi a wuraren da ya sha zama kawai. Ka ƙwanƙwasa bakinsa da farce: lafiyayyen tangaran yana amo mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarsa a dishe take. Ka haska fitilar gane jabun kuɗi a cikin duhu, inda aka yi gyara yakan fito daban. Rubutun sunan sarki a gindi, mai harafi huɗu ko shida, kada ya ruɗe ka, domin tun a zamanin da ana rubuta sunan sarkin da ya shuɗe a kan sabon kwano. Idan kuɗin ya yi nauyi, akwai gwajin kimiyya da ake huda ɗan rami a ɗebi gari, a ƙiyasta lokacin da aka gasa shi.

'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou su lura: dokar Sin ta hana fitar da kayan tarihin da aka yi kafin 1911. Mai shagon da ya ce maka na zamanin daular Ming ne, ka sa a jaka ka wuce, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma zai haɗa ka da kwastan. Tsohon kwano na halal a wajen Sin ake sayensa, hannun dillali ko gidan gwanjon da zai rubuta maka zamaninsa da yanayinsa a rasit, ya kuma yarda ya karɓi kayansa idan aka samu saɓani.

In kuwa launin kawai kake so, maginan Longquan da Jingdezhen suna nan suna aiki. Sabon tsanwa mai hatimin wanda ya gina shi, a kuɗin sabo, ya fi mini jabu goma. Nawa yana kan tebur, a ciki nake zuba dabino.